Me ya hana rana ƙonewa ta ƙare? Fashin baƙi kan babban sahun taurari

Mutum baligi da ke zaune yana hutawa, jikinsa na fitar da zafi kimanin wat 100. Da za a iya yanko wani yanki daga tsakiyar rana, daidai girman jikin mutumin nan, a auna zafin da yake samarwa, abin da za a samu bai wuce wat 20 ba. Wato gangar jikinka ta fi cibiyar rana saurin samar da zafi wajen ninki 5. Duk wanda ya fara jin wannan zai ɗauka an tafka kuskure a lissafi, tunda ana maganar wurin da zafinsa ya kai digiri miliyan 15. Lissafin kuwa daidai yake. Girman rana ne ya wuce misali, ga zafin da ta tara ba ya samun hanyar fita da wuri, amma aikin da ke gudana a cikinta aiki ne mai nawa ƙwarai. Wannan nawar ce ta sa ta shafe shekara biliyan 4.6 tana haskawa, kuma da sauran wajen biliyan 5 a gabanta.

Wannan dogon zango na rayuwar tauraro, lokacin da yake mayar da haidurojin ya koma hiliyom a cibiyarsa, shi masana ke kira babban sahu. Tauraro kan shafe kusan kashi 90 cikin 100 na rayuwarsa a cikinsa.

Sunan daga wani zane ya fito. A 1911 Ejnar Hertzsprung ɗan ƙasar Denmak, sannan a 1913 Henry Norris Russell Ba'amurke, kowa da nasa aikin daban, suka jera taurari a takarda. Daga ƙasa zuwa sama suka sa ainihin hasken da tauraro ke fitarwa, bayan an cire tasirin nisa. Daga hagu zuwa dama kuma launinsa, wanda shi ke nuna zafin fatarsa. Da ma an share musu fage a jami'ar Harvard ta Amurka, inda Annie Jump Cannon ta karkasa taurari gida-gida da haruffan O, B, A, F, G, K, M, aikin da daga baya ya zama kundin taurari sama da 225,000. Gidan O su ne shuɗɗa, zafin fatarsu ya haura digiri 30,000. Gidan M jajaye ne, ba su kai 4,000 ba. Rana tana gidan G da kimanin digiri 5,500. Kada ja ya ruɗe ka: ƙarfen da aka sa a wuta da ja yake farawa, sai zafi ya tsananta yake komawa fari.

Da taurari sun watsu ko'ina a takardar, da babu labari. Sai ga shi kusan 9 cikin 10 sun faɗa kan layi guda, wanda ya karkato daga kusurwar shuɗɗa masu tsananin haske a sama ta hagu, ya gangaro zuwa kusurwar jajaye masu dishi-dishi a ƙasa ta dama. Da farko masana da yawa sun ɗauki layin a matsayin hanya. A ganinsu tauraro na farawa da zafi ne a sama, yana tsufa yana hucewa yana gangarowa. Har yau ragowar wannan kuskure na nan a bakinsu, domin suna kiran shuɗɗan "na farko", jajayen kuma "na ƙarshe", alhali kowa ya san lamarin ba shi da alaƙa da shekaru. Shi ya sa kalmar sahu ta fi dacewa da abin. Tauraro ya shigo, ya tsaya a gurbinsa, kuma a nan zai zauna har aikinsa ya kusa ƙarewa. Abin da ke zaɓa masa gurbin shi ne nauyin da aka haife shi da shi, wato yawan abin da ya taru ya zama jikinsa.

Kafin a kai ga nauyi, sai an warware batun "ƙonawa". Ana yawan cewa tauraro na ƙona haidurojin, amma ba wuta irin wadda muka sani ake nufi ba, mai buƙatar oksijin. Da rana dunƙulen gawayi ce, da 'yan shekaru dubbai sun ishe ta ta zama toka. A ƙarni na 19 Hermann von Helmholtz da Lord Kelvin sun kawo shawarar cewa rana tana tsukewa ne sannu a hankali, tsukewar ce ke ba ta zafi. Lissafin ya ba ta kimanin shekara miliyan 30, masana duwatsu kuwa suka ce shekarun ƙasa sun ninka haka nesa ba kusa ba. Aka daɗe ana ja-in-ja.

Bakin zaren ya fito a 1920, lokacin da Francis Aston ya auna nauyin ƙwayoyin zarra a Kambirij, ya ga zarrar hiliyom guda ba ta kai nauyin zarrar haidurojin 4 ba. Giɓin ƙarami ne, kimanin kashi 0.7 cikin 100. A shekarar Arthur Eddington ya ce to, in taurari na haɗa haidurojin 4 su yi hiliyom 1, wannan ɗan nauyin da ya ɓace shi ne ke komawa makamashi, kamar yadda lissafin Einstein ya nuna. Saura tambaya: akwai isasshen haidurojin? A 1925 Cecilia Payne ta nuna a kundin digirinta na uku cewa akasarin jikin taurari haidurojin ne da hiliyom. Russell ɗin nan na zanen sahu ya ce mata abin ba zai yiwu ba, ta sassauta maganar a rubuce. Bayan shekara 4 shi da kansa ya isa ga sakamako iri ɗaya ta wata hanyar.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Tsakiyar zarrar haidurojin furoton ne guda, kuma furoton biyu suna ture juna, saboda cajin lantarkinsu iri ɗaya ne. Kafin su yi karo da ƙarfin da zai sa su manne, a lissafin kimiyyar da aka gada, sai zafi ya kai biliyoyin digiri. Cibiyar rana miliyan 15 take da shi. Masu suka suka ce taurari ba su kai zafin da ake buƙata ba, Eddington ya ce su je su nemo inda ya fi nan zafi. Amsar gaskiya ta zo ne daga sabuwar kimiyyar ƙananan ƙwayoyi. A 1928 George Gamow ya nuna cewa ƙwaya na iya ɓullawa ta ɗaya gefen katangar da ba ta da ƙarfin tsallakewa, irin katangar turewar da ke tsakanin furoton biyu, sai dai sau ɗaya cikin gwaji masu ɗimbin yawa. A kan wannan Hans Bethe ya gina cikakken bayanin yadda taurari ke samar da makamashi, a 1938 da 1939, aikin da ya ba shi lambar Nobel a 1967.

Mu leƙa cikin cibiyar rana mu ga yadda abin ke faruwa. Cunkoson wurin ya ninka na ruwa sau 150, amma ba daskararre ba ne, domin zafi ya tuɓe wa kowace zarra ilektoron ɗinta, tsiraran furoton ne ke ta kai-komo suna karo. Ɗauki furoton guda ka zuba masa ido. Cikin daƙiƙa ɗaya zai yi arangama da 'yan uwansa sau biliyoyi, kowane karo a ture shi ya koma. Ko ya yi sa'a ya ɓulla katangar ya haɗu da wani, ba a nan gizo ke saƙar ba, domin furoton biyu ba sa zama tare, nan take suke rabuwa. Sai in a daidai wannan ƙiftawar ɗayansu ya rikiɗe ya zama niyutiron, wato ƙwaya marar cajin lantarki, ya saki fositiron, kishiyar ilektoron, da wata ƙwaya mai suna niyutirino. Ƙarfin da ke haddasa wannan rikiɗar, shi kansa sunansa "rarraunan ƙarfi", kuma sunan ya bi shi. Sakamakon haka furoton ɗin da kake kallo zai iya jiran biliyoyin shekaru kafin nasa rabon ya zo.

Da zarar an wuce wannan ƙofa, sauran ba wuya. Abin da aka samu, wato diyuteriyom, furoton da niyutiron a manne, cikin 'yan daƙiƙoƙi yake cafke wani furoton ya zama wani nau'in hiliyom da bai cika nauyi ba. Irin waɗannan guda biyu su haɗu su ba da cikakken hiliyom, su mayar da furoton biyu cikin taro. An zuba 4, an sami 1, an saki makamashi. Saboda furoton ɗin da ke cibiyar ba su ƙirguwa, ko da kowanne na jiran biliyoyin shekaru, jimillar abin da ake sarrafawa kowace daƙiƙa ta kai tan miliyan 600 na haidurojin, kuma kimanin tan miliyan 4 daga ciki ne ke ɓacewa ya koma haske da zafi. Adadin da ban tsoro a kunne, amma nauyin rana ya ninka na duniyarmu sau 333,000. Ko ta yi shekara biliyan 10 tana wannan asara, abin da zai tafi bai kai kashi 1 cikin 1,000 na nauyinta ba.

Bam ɗin haidurojin ma da irin wannan haɗewar nukiliya, wato mannewar tsakiyar zarra da juna, yake aiki, amma cikin ƙiftawar ido yake tarwatsewa. To me ya hana rana yin haka?

Ƙarfi biyu ne suka yi kunnen doki. Nauyin tauraro na jan komai zuwa tsakiya, yana neman ya durƙusar da shi. Zafin da ke ciki kuma na haifar da matsi mai turowa waje. A kowane mataki daga cibiya zuwa fata, matsin da ke ƙasa daidai yake da nauyin da ke sama. Abin burgewar shi ne yadda wannan daidaito ke gyara kansa. A ce haɗewa ta ɗan yi sauri fiye da kima. Zafi zai ƙaru, matsi ya ƙaru, cibiya ta ɗan kumbura. Kumburin zai sa ta huce, furoton su rage karo, haɗewa ta lafa. In kuma haɗewar ta yi sanyi, matsi ya ragu, nauyi ya danne cibiya ta tsuke, tsukewa ta ƙara zafi, aiki ya farfaɗo. Bam ba shi da abin da zai danne shi. Tauraro kuwa nauyinsa ne murfinsa.

Akwai wani abu a nan da nake ganin yawancin bayanai na juya shi baibai. Akan ce tauraro kaza ya fi haske saboda cibiyarsa ta fi saurin haɗa haidurojin. Ya fi kusa da gaskiya a ce nauyin tauraro ne ke yanke yawan zafin da dole ya kasance a cikinsa kafin ya iya ɗaukar kansa, sannan wannan zafi na yoyo ta fata ya fita a matsayin haske, ita kuma cibiya aikinta ta cike gurbin abin da ya zube, ba ƙari ba ragi. Hujja kuwa, Eddington ya fitar da dangantakar nauyi da haske tun a 1924, shekara 15 kafin Bethe ya gama bayanin abin da ke ci a ciki. Yoyon ma da nawarsa: makamashin da aka samar a cibiyar rana sai ya yi dubban shekaru gomomi, wasu lissafan sun ce sama da 100,000, yana karo yana juyawa kafin ya iso fata. Daga nan zuwa idonmu minti 8 ne da daƙiƙa 20.

Dangantakar nauyi da haske ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma nan ne rabon kowane tauraro yake. In nauyi ya ninka sau 2, haske kan ninka fiye da sau 10. Sirius, wanda ya fi kowane tauraro haske a sararin dare, nauyinsa kimanin ninki 2 ne na rana, haskensa ninki 25. Guzurinsa biyu, kashewarsa ashirin da biyar, don haka zamansa a sahu bai wuce kimanin shekara biliyan 1 ba. Mai nauyin rana 10 haskensa ninki dubbai ne, kuma cikin shekara miliyan 20 zuwa 30 ya gama. Manyan ƙattan gidan O 'yan miliyoyin shekaru kawai suke yi. Almubazzaranci ne tsantsa, wanda ya fi kowa tarawa shi ya fi kowa saurin tsiyacewa. Betelgeuse, jan tauraron nan da ke kafaɗar Orion, jerin taurarin da ake kamantawa da siffar mutum, shekarunsa kimanin miliyan 10 ne, jariri in aka kwatanta da rana, amma tuni ya bar sahu ya tsufa.

Waɗannan manya ma ba hanyar rana suke bi ba. Idan zafin cibiya ya haura kimanin digiri miliyan 17, wata hanya ce ke karɓe ragama, wadda Bethe da Carl von Weizsäcker na Jamus suka gano kowa daban. A nan zarrar kabon ce ke haɗiye furoton ɗaya bayan ɗaya, tana rikiɗa ta zama naitirojin, ta zama oksijin, a ƙarshe ta tofar da hiliyom ta koma kabon ɗinta kamar ba abin da ya faru. Dillali ne, ba ya ƙarewa. Wannan hanya tana da saurin fushi: ɗan ƙarin zafi kaɗan sai ta ninka aikinta. Ita ke tafiyar da taurarin da suka fi rana nauyi da kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa sama. A rana kuwa kasonta wajen kashi 1 ne cikin 100.

Can ƙasan sahu labarin daban ne. Proxima Centauri, maƙwabcin rana mafi kusa, tafiyar haske ta shekara 4.2, nauyinsa kimanin kashi 12 cikin 100 ne na rana, haskensa kuwa bai kai kashi 2 cikin 1,000 ba. Duk kusancinsa ido ba ya ganinsa, sai a 1915 aka gano shi da na'urar hangen nesa. Irinsa ake kira jajayen wadanni, kuma su ne kusan kashi 3 cikin 4 na taurarin galaksinmu, wato babban taron taurarin da rana ke ciki, duk da cewa ba ko ɗayansu da ido ke iya gani. Sararin da muke kallo da dare yaudara ce ta wannan fuska, masu facaka ne kawai ke bayyana. Bayan tsumulmula, ƙananan cikinsu suna da wata fa'ida. Jikinsu gaba ɗaya yana juyawa kamar ruwa mai tafasa, na sama ya gangara na ƙasa ya hau, don haka sabon haidurojin na isa cibiya kullum, kuma za su iya cinye kusan duk abin da suka mallaka. Rana ba ta da wannan gata, kashi 10 cikin 100 kacal na haidurojin ɗinta za ta taɓa a zamanta na sahu. Lissafi ya ba waɗannan wadanni tiriliyoyin shekaru. Tunda sararin samaniya kansa shekararsa biliyan 13.8, babu jan wada ko ɗaya da ya taɓa barin sahu don tsufa. Ƙasa da kashi 8 cikin 100 na nauyin rana, wato kimanin ninki 80 na duniyar Jufita, cibiya ba ta kai zafin da haɗewar haidurojin za ta ɗore, irin waɗannan ba sa samun shiga sahu sam.

Mai karatu na da haƙƙin ya tambaya: wa ya shiga cikin rana ya gani? Niyutirinon nan da aka saki a matakin farko shi ne shaida. Ba ya tsayawa karo da kowa, cikin daƙiƙa 2 ya fice daga rana. A yanzu haka kimanin biliyan 60 daga cikinsu na ratsa farcen babban yatsanka kowace daƙiƙa, dare da rana, domin duniya ba ta tare su. Raymond Davis ya ɗana musu tarko a mahaƙar zinari ta Homestake a jihar Dakota ta Kudu ta Amurka, wajen kilomita 1.5 a ƙarƙashin ƙasa. Tanki ne ɗauke da tan 600 da ɗoriya na ruwan sinadarin wankin tufafi, yana jira niyutirino ya bugi zarrar kulorin ya mayar da ita agon, sannan ya tace tankin ya ƙirga 'yan zarrar da suka rikiɗe. Daga 1968 ya riƙa samun kimanin kashi 1 cikin 3 na adadin da John Bahcall ya lissafa. Fiye da shekara 30 ana zargin ko tankin ne da matsala ko lissafin rana. Ashe duk biyun lafiyarsu ƙalau. A 2001 da 2002 cibiyar bincike ta Sudbury a Kanada ta tabbatar cewa niyutirino, wanda da ma an san iri 3 ne, yana sauya kama a hanya, tankin Davis kuwa iri ɗaya kawai yake kamawa. A 2020 na'urar Borexino da ke ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya ta kama niyutirinon hanyar kabon, wannan ɗan kashi 1 ɗin.

Shaida ta biyu tana cikin gungun taurarin da aka haifa tare. Tunda shekarunsu ɗaya, nauyi ne kawai ya bambanta su, in aka zana su a takardar Hertzsprung da Russell sai a ga sahun ya gutsure daga sama, manya sun riga sun fice. Inda gutsurewar ta tsaya shi ne agogo. Gungun Surayya har yanzu da shuɗɗan taurari a cikinsa, shekarunsa kimanin miliyan 100. Tsofaffin dunƙulallun gungu da ke kewaye da galaksinmu kuwa, hatta masu nauyin rana sun bar sahunsu, abin da ke nuna sun kai shekara biliyan 12 ko fiye.

Da na ce tauraro na tsayawa a gurbinsa, akwai ɗan gyara. Yana muskutawa kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da furoton 4 suka zama hiliyom 1, yawan ƙwayoyin da ke riƙe da matsi ya ragu, sai cibiya ta ɗan tsuke ta ƙara zafi, haske ya ƙaru. Lokacin da rana ta shiga sahu, haskenta kimanin kashi 70 cikin 100 ne na yau. Wannan ya haifar da wani ruɗani da Carl Sagan da George Mullen suka fito da shi a 1972: da rana mai rauni haka, ya kamata tekunan duniya su daskare, amma duwatsu sun nuna akwai ruwa mai gudana tun wancan lokacin. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne iskar duniya ta lokacin ta fi ta yanzu riƙe zafi. Ƙarin hasken yana tafiya da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara miliyan 100, wanda ya sa ba shi da hannu a ɗumamar yanayi ta zamaninmu, amma nan da shekara biliyan 1 zai kai kashi 10, kuma hakan ya isa ya jefa tekuna cikin haɗari tun rana ba ta ko kusa barin sahu ba.

A yanzu tsakiyar rana ta cinye kusan rabin haidurojin da ta fara da shi. Idan sauran ya ƙare, za a bar dunƙulen hiliyom wanda digiri miliyan 15 ko 20 ba su isa su kunna shi ba, sai an kai miliyan 100. Cibiyar za ta ci gaba da tsukewa, haidurojin da ke kewaye da ita kamar ɓawo ya kama aiki da ƙarfi fiye da da, sassan waje su kumbura su huce su yi ja. A takardar zanen, ɗigon da ke wakiltar rana zai zame daga layin, ya nufi dama, sannan ya haura sama zuwa yankin jajayen ƙattai.